Babi na Bakwai: Kai Iyali Kallon Shaho, Shirwa da Ungulu

Ina ungulayen da suke cika mahauta suka tafi? Tambaya ce da dattawa suke yi a Agye da Gazawa da Gidan Rumji, kamar yadda ake yin ta a Katsina da Kano, domin duk wanda ya haura shekara hamsin ya san zamanin da ba a yin yanka ranar kasuwa sai ungulaye sun jeru a kan katanga suna jiran abin da mahauta za su zubar, alhali yaran yau da yawa a bakin manya kawai suke jin cewa ungulu ba ta jewar banza, ba su taɓa ganin jewar da idonsu ba. Wata tambayar kuma tana biye da wannan: uba ko uwa da suke son 'ya'yansu su san waɗannan tsuntsaye tun suna nan, ina za su kai su? A wasu ƙasashe amsar ita ce cibiyar kula da tsuntsaye masu farauta, inda iyali suke zuwa ranar hutu su yi kallo, su kuma koyi darasi. Irin waɗannan cibiyoyi sun yi wa mutanen jihar Maraɗi nisa, amma mafi yawan abin da ake koyarwa a cikinsu yana nan a gonakin gero da bakin gulbi da bayan kasuwa, muddin an san lokacin fita da abin da za a duba.

Su wane ne tsuntsaye masu farauta?

Masana suna haɗa wasu tsuntsaye a rukuni guda saboda siffofi uku da suka yi tarayya a kansu, wato lanƙwasasshen baki mai yaga nama, da farata masu ƙarfi, da ido mai hangen nesa. A cikin rukunin akwai shaho, wanda yake kama tsuntsaye da ƙadangaru da gudu, da shirwa mai wutsiya a rabe wadda take shawagi a kan gari tana tsintar duk abin da ta samu, da gaggafa mai gajeriyar wutsiya da jan baki, da mikiya, da mujiya wadda take farauta da dare, sannan da ungulu wadda ba ta kisa, mushe take ci. Ungulun da aka saba gani a mahauta ita ce ƙaramar cikinsu, mai siririn baki da jan fuska, wadda ta saba da zama kusa da mutane tun zamanin kakanni. Manyan 'yan uwanta kuwa sun fi son daji da duwatsu, kuma ɗaya daga cikinsu ce aka tabbatar ta fi kowane tsuntsu tashi sama, domin a shekarar 1973 jirgin sama ya yi karo da ita a sararin samaniyar Abijan a tsayin da ya kai kimanin mita 11,300.

Ba dukansu ne mazauna wuri ɗaya ba. Wasu suna biyo damina daga kudu su shigo ƙasar Maraɗi lokacin da fara da gina suka yawaita, su koma idan ciyawa ta bushe, wasu kuma daga Turai suke tasowa su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su iso bayan kaka su yi hunturu, su juya kafin zafin bazara ya yi tsanani. Masu bincike daga ƙasar Holan sun ɗaura wa wani siririn shaho mai launin toka ƙananan na'urori masu nuna inda yake, suka bi sawunsa har Nijar, suka kuma tarar cewa fara ce mafi yawan abincinsa a nan.

Abin da ƙidaya ta nuna

Abin da dattawa suka lura da shi, ƙidaya ta tabbatar da shi. Wani masani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin mota na dubban kilomita a Mali da Burkina Faso da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga duk tsuntsu mai farauta da ya gani, sa'an nan ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, ya tarar cewa a wajen gandayen dajin da ake tsaro manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, manyan mikiyoyi ma sun yi mummunar raguwa. A shekarar 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta sanya jinsi huɗu na ungulayen Afirka a matakin ƙarshe kafin ɓacewa, har da ungulun mahauta wadda a da ba wanda yake zaton za a wayi gari ana neman ta. Wani nazari kuma da aka buga a 2024, wanda ya duba jinsi 42 na tsuntsaye masu farauta a sassa daban-daban na nahiyar, ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na jinsunan suna raguwa, kuma raguwar ta fi tsanani a Afirka ta Yamma.

Dalilan raguwar

Dalili na farko guba ce. Idan makiyayi ya zuba guba a mushe domin ya kashe dila ko kura ko karnukan da suke yi masa ɓarna, ungulaye ne suke fara sauka, kuma da yake a taro suke cin abinci, mushe guda yana iya hallaka gommai a yini ɗaya. Dalili na biyu fataucin sassan jikinsu ne domin tsibbu, musamman kai da ƙafafu, kuma kasuwar wannan haja ta fi ƙarfi a Nijeriya, abin da ya sa mafarauta suke ƙetaro iyaka. A shekarar 2014 aka kashe wata farar ungulu a kudancin Nijar, wadda masu bincike suka ɗaura wa na'ura tun tana ƙarama a ƙasar Girka suka sa mata suna Paschalis, kuma binciken da aka yi ya nuna cewa domin wannan kasuwa aka kashe ta. A Gini Bisau kuwa, a 2020, an kashe ungulayen mahauta fiye da 2,000 da guba, aka tarar da yawansu an yanke musu kai. Sauran dalilan sun haɗa da sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kai, da wayoyin lantarki da suke kama tsuntsu mai faɗin fiffike, da ƙarancin namun daji.

Abin da ya sa ɓarnar take da wuyar gyaruwa shi ne jinkirin haihuwa. Ungulun mahauta ƙwai ɗaya take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan mako bakwai, ta yi wata uku ko fiye tana ciyar da ɗan kafin ya tashi, shi kuma sai ya yi shekaru kafin ya fara nasa ƙwan. Lissafin ya yi kama da wanda kowane mai dabba ya sani: wanda annoba ta kashe wa kaji yana iya cika akurki kafin shekara ta zagayo, amma wanda ya rasa taguwarsa zai daɗe bai mayar da garke ba. Saboda haka kashe babbar ungulu guda ɗaya asarar shekaru masu yawa ce.

Abin da gari yake rasawa

Cikin ungulu yana da ruwan narkar da abinci mai tsananin ƙarfi, wanda yake kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suke cikin mushe, kuma taron ungulaye yana iya cinye mataccen jaki kafin ya ruɓe ya tara ƙudaje. Idan babu su, mushen yakan daɗe a yashe, karnuka da ɓeraye su samu abinci su yawaita. Ƙasar Indiya ta ga wannan da idonta, domin daga shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa, mai suna diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayenta ta hanyar lalata musu ƙoda, karnukan da ba su da masu su suka ƙaru, cutar haukan kare ta ƙara yaɗuwa, har gwamnati ta hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006.

Manomi ma yana da nasa rabon. Shaho da shirwa suna cin fara da ƙananan tsuntsayen da suke sauka a kan zangarniyar gero, kuma mutanen Maraɗi, waɗanda suka sha wahalar ƙarancin abinci ta 2005 bayan fari da farin ɗango na 2004, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan darajar duk abin da yake rage fara. Mujiya kuwa, wadda ake jifa saboda kukanta da farar fuskarta, ita ce mai tsaron rumbu da dare, domin ma'aurata guda masu 'ya'ya suna cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara, shi ya sa manoman Isra'ila da Jodan suke kafa mata akwatunan sheƙa a gonakinsu domin su rage sayen guba. Gaskiya ne shirwa tana ɗaukar 'yan tsaki, kuma matar da ta yi kiwo ta rasa tana da hujjar jin haushi, amma maganin wannan shi ne kife 'yan tsaki a ƙarƙashin kwando ko tsare su a akurki a makonninsu na farko, wanda ya fi sauƙi da arha a kan farautar shirwar.

Me ake yi a cibiyar kula da su?

Cibiyar kula da tsuntsaye masu farauta wuri ne mai aiki uku. Na farko jinya: ana kawo tsuntsun da ya karye a fiffike ko ya ci guba, likitan dabbobi ya duba shi, idan ya warke a sake shi, idan kuma ba zai iya tashi ba a riƙe shi. Na biyu kiwo domin ƙara yawan jinsin da ya kusa ƙarewa, a riƙa sakin 'ya'yan a daji. Na uku koyarwa, wadda ita ce ta shafi iyali, domin tsuntsayen da ba za su iya komawa daji ba su ne ake nuna wa baƙi, ma'aikaci ya ɗora shaho a hannunsa mai safar fata, ya nuna wa yara baki da farata da gashin fiffike, ya bayyana abin da yake ci da abin da yake kashe shi. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai cibiyar ƙungiyar Peregrine Fund da aka buɗe a 1984 a garin Boise na Amurka, da asibitin shaho na Abu Dabi da aka buɗe a 1999, da VulPro ta Afirka ta Kudu wadda aka kafa a 2007 domin ungulaye.

Abin da ya fi kusa da wannan a Nijar shi ne gidan tarihi na Bubu Hama da yake Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake da sashen namun daji, sai kuma gidan zu na Audu Baƙo a Kano ga mai ƙetara iyaka. A cikin jihar Maraɗi kanta akwai gandun dajin Gadabeji a gundumar Barmo, mai faɗin hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO ta amince da shi a 2017, aka kuma mayar da raƙuman dawa cikinsa daga Kure a 2018, kuma har yanzu manyan ungulaye suna sheƙa a itatuwansa. Sai dai zuwa can yana bukatar mota mai ƙarfi da izinin ma'aikatan gandun daji da guzuri, abin da ba kowane magidanci ne zai iya ba.

Itatuwan da suka dawo

Gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji suna da wani abin da cibiyoyin Turai da Amurka ba su da shi, wato tsuntsayen suna zaune a muhallinsu, kuma muhallin da kansa yana farfaɗowa. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili, iska tana binne shuka da rairayi. Daga 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina tumɓuke kututturan da suke tohowa a gona, su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su sassabe sauran, dabarar da ake kira sassaben zamani. Manoma suka karɓe ta suka yaɗa ta a tsakaninsu, har aka ƙiyasta cewa ta mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a wannan aiki saboda kwamitin sa ido da mutanen garin suka kafa domin hana saran ɓarna.

Manomi ya bar gawo da kalgo da sabara da aduwa ne domin taki da itacen girki da abincin dabba, amma tsuntsu mai farauta ya ci moriyar abin, domin shaho yana bukatar reshen da zai tsaya ya hangi ƙasa, ƙananan tsuntsaye da ƙadangarun da yake ci kuma suna bukatar inuwa. Abin da ya rage shi ne manyan itatuwa, domin ungulu da mikiya ba sa sheƙa a ƙaramin icce, sai dogon gawo ko kuka ko tsamiya ko maɗaci. Duk tsohuwar bishiyar da aka bari a tsaye a gona ko a bakin gari tana iya zama gidan da zai riƙe zuriyarsu a yankin.

Yadda iyali za su shirya fita

Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa, kuma turakun waya da itatuwan da suke gefenta wuraren tsayawar shaho ne, saboda haka ko tafiyar ziyarar dangi tana iya zama darasi idan an sa yara su riƙa duba sama. Ga mai fita da ƙafa, wurare uku sun fi amfani: bayan mahauta ranar kasuwa, inda shirwa take taruwa kuma ake iya dacewa da ungulu, gonakin da aka girbe masu yawan gawo, da kwarin Gulbin Maraɗi wajen Tsibiri ko na Gulbin Kaba mai yawan goriba, inda damshi yake tara ƙananan tsuntsaye, masu farautarsu kuma su biyo su. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da baƙin Turai suke nan kuma rana ba ta da zafi. Da sassafe ana samun su zaune a kan itace, da hantsi kuma, idan ƙasa ta ɗumama iska mai zafi ta fara hawa sama, manyan cikinsu sukan buɗe fiffike su hau ta suna kewayawa ba tare da kaɗawa ba. Mujiya sai bayan magariba. A ƙauyukan da suke kusa da iyaka, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a a 'yan shekarun nan, wajibi ne a tsaya kusa da gari, a kuma nemi shawarar mai gari kafin a fita.

Kayan da ake bukata ba su wuce ruwan sha da littafin rubutu da fensir ba, wayar hannu mai ɗaukar hoto kuma ƙari ce. Ana koya wa yaro ya duba abu huɗu: girman tsuntsun idan an gwada shi da hankaka, siffar wutsiyarsa, yadda yake riƙe fiffike a sama, da abin da yake yi. Idan ya rubuta rana da wuri da adadin da ya gani, aka kuma maimaita fitar a wuri guda kowace shekara, to iyalin sun fara irin aikin da Thiollay ya yi, gwargwadon ƙarfinsu. Yana da kyau a tafi da kaka ko wani dattijo, domin shi ne ya san sunayen tsuntsayen da itatuwan da suke kwana a kai a da, kuma wannan sani ba a rubuce yake ba.

Akwai ladubban da ba a sassautawa. Ba a zuwa da danƙo, ba a hawa itacen da yake da sheƙa, ba a ɗaukar ƙwai ko ɗan tsuntsu, kuma malamai suna kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke. Idan an tarar da tsuntsaye matattu da yawa kusa da mushe, kada kowa ya taɓa, domin gubar da ta kashe su tana kashe mutum da kare, sai a sanar da ma'aikatan gandun daji ko na kiwo, waɗanda dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ta ɗora wa alhakin wannan aiki. Haka kuma idan an tsinci wanda ya ji rauni, a rufe shi da zane a kiyayi faratansa, a kai musu.

Daga gida zuwa makaranta

Amfanin wannan fita yana bayyana ne a halin yaro. Wanda ya tsaya ya ga mikiya tana hawa iska, ko ya ga ƙasusuwan ɓera a cikin curin gashin da mujiya take amayarwa a gindin itace, da wuya ya girma ya zuba guba a mushe ko ya sayar wa baƙo kan ungulu. Malaman makaranta suna iya faɗaɗa abin ta hanyar fita da aji guda, kuma akwai ranar da za su iya jingina aikin da ita, domin Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya. Kwamitocin da suke tsaron itatuwa a ƙauyuka kuma suna iya ƙara itatuwan sheƙa a cikin abin da suke sa wa ido, ba tare da an kashe ko dala ba. Idan wata rana aka gina cibiya a Maraɗi, yaran da suka tashi da wannan tarbiyya su ne za su zama ma'aikatanta da masu kai mata tsuntsun da ya ji rauni.

Sai dai tsaron itace da hana farauta ba za su wadatar ba matuƙar abincin tsuntsun da kansa yana ɗauke da ajalinsa. Babi na gaba zai bi sawun magungunan ƙwari da ake sayarwa a kasuwannin yankin, ya nuna yadda suke tashi daga ganyen wake su shiga cikin fara, daga fara su shiga cikin shaho, da kuma hanyoyin da manomi zai kare amfanin gonarsa ba tare da ya kashe masu taya shi tsaro ba.